Hitar gidan Yaya: gyara 3 cikin wata 14 kafin mu yarda ta gama aiki

Hitar da zan bada labarinta irin mai tankin nan ce da ake kafewa a jikin bango, ta lantarki, lita 50, elimen ɗinta, wato ƙarfen da ke dafa ruwan, wat 1500. Tana banɗakin sama a gidan Yayata, mutum 6 ke wanka da ita, kuma a nan suka tarar da ita ranar da suka tare, dan haka ba wanda ya taɓa tambayar shekarunta, tunda tana bada ruwan zafi ai magana ta ƙare. Ni ba fulamba bane ba kuma mai gyaran wuta ba, ni dai auta ne mai ƙarambani da 'yar mitar gwada wuta a durowa, shi yasa duk abinda ya lalace a gidan ni ake fara kira kafin a nemo mai sana'ar. Cikin wata 14 anyi ma hitar nan gyara 3 sannan aka sauke ta, kuma da na zauna ina lissafi daga baya sai naga ɗaya ne kawai a cikinsu ya cancanci a kashe masa kuɗi.

Na farkon bashi da wani rikici. Yaya ta kira tace Auta kazo ka duba mana, fitilar hita tana kamawa amma ruwa sanyi ƙalau. Naje na kashe wuta daga bireka, na buɗe murfin ƙasa na ɗora mita a kan elimen. Elimen mai wat 1500 a wuta mai bolt 230 in lafiyarsa lau zai nuna maka om 35 ko kusa da haka, wannan ko motsi mitar batayi ba, ya ƙone kenan. Aka kira wani matashin mai gyara, hannunsa da sauri gaskiya, ya juye ruwan ya kwance faifan da elimen yake jiki ya zaro, sai ga elimen ya zama kamar an tsoma shi a siminti, farin ɓawo ya lulluɓe shi gaba ɗaya, ya zura hannu cikin tankin ya dinga kwaso tsakuwa-tsakuwa fara har kusan rabin bokiti. Wannan gishirin ruwa ne, duk ruwan da yake da sinadarin kalsiyam da yawa in ana dafa shi sai ya dinga zubar dashi, kuma in zafi ya haura digiri 60 abin ya fi sauri. In ɓawon ya rufe elimen zafinsa baya samun fita da wuri, sai ya dinga cin kansa har ya tsinke. Aka sa sabo, ruwan zafi ya dawo, kowa yayi murna.

Wannan gyaran daidai ne, ko yau aka sake haka zance ayi. Kuskuren yana gefensa. A jikin faifan nan kusa da elimen akwai wata 'yar siririyar waya baƙa da ta fito tsawon ɗan yatsa da rabi, na tambayi yaron ko menene, yace ba komai bace yallaɓai, ya mayar da ita yadda take. Nima ban ja maganar ba. Ashe abinda ya rage kenan na sandar da ake kira anod, kuma duk labarin hitar nan a kan wannan wayar yake.

Bari na ɗan tsaya a nan dan in ba'a gane wannan ba sauran ba zai shiga ba. Abinda kake gani fari a bango ba shine tankin ba, riga ce kawai. A cikinta akwai soso mai riƙe zafi, a cikin soson ne ainihin tankin ƙarfe yake, an shafe cikinsa da wani irin gilas da ake gasawa ya kama jikin ƙarfen dan kar ruwa ya taɓa shi. To shafen nan baya taɓa zama cikakke, wajen walda da bakin fayif ana samun 'yan ƙananan wuraren da ƙarfe yake tsirara, kuma kullum tanki yana zafi yana hucewa, yana buɗewa yana tsukewa, gilas ɗin sai ya dinga tsagewa a hankali. Shi yasa kamfani ke saka sandar maganiziyam a ciki, wasu kuma ta alminiyam, kauri kamar babban yatsa. Aikinta ta zama fansar tankin, ruwa ya dinga cinta ya ƙyale ƙarfen. Muddin akwai nama a jikinta tsatsa bata samun gindin zama, ranar da ta cinye ya rage wayar tsakiya to daga ranar ruwa ya koma kan tankin. Abu ne da ake so a duba duk shekara 2 ko 3 a canza, kuɗinsa kaɗan ne in ka kwatanta da hita, amma tsakani da Allah mutum nawa ne suka ma san akwai shi? Tamu ta cinye ƙaf, Allah kaɗai yasan tun yaushe, kuma muna kallonta ido da ido muka rufe murfi.

Bayan wata 8 sai abu biyu suka zo kusan lokaci ɗaya. Na ɗaya, in aka buɗe famfon zafi da safe ruwan farko yana fitowa ja-ja kamar an jiƙa tsofaffin ƙusoshi, in ya ɗan zuba sai ya washe. Na biyu, ruwan ya fara zafin da ya wuce ƙa'ida har tururi yake, rannan kuma hitar ta ɗauke gaba ɗaya. Na biyun shi ya tada hankalin mutan gidan dan shine ya hana wanka, na farkon kuwa akayi kunnen uwar shegu dashi, maigidan Yaya yace ai fayif ne, tsohon gida ne. Na samu fararen bokitai guda biyu, na tari ruwan sanyi a ɗaya na tari na zafi a ɗaya da sassafe kafin kowa ya taɓa famfo. Na sanyi garau, na zafi ja. In da fayif ɗin gidan ne ke tsatsa ko ruwan ne yazo da datti daga waje ai duka biyun zasu canza kala. Wani lokaci akan samu guntun fayif ɗin ƙarfe da ke fita daga hitar ne yayi tsatsa, dan haka sai da na duba, nasu na roba ne tun daga bakin hitar. Babu wani ƙarfe a hanyar ruwan zafin nan sai tankin.

A ranar ne kuma nayi abinda ya kamata ace tun farko nayi, na haska tocila a gefen hitar na karanta takardar da kamfani ya manna. Tana da shekara 11 da ƙerawa. Wasu kamfanoni suna rubuta shekarar ƙarara, wasu sai ka ciro ta daga lambar siriyal, misali Bradford White da haruffa suke yi, harafin farko shekara na biyu wata. Irin waɗannan hitoci masu tanki shekara 8 zuwa 12 aka saba sukeyi, wadda ake kula da ita a wajen da ruwa bashi da gishiri tana iya wuce haka, wadda aka bari sakaka kuma ko 8 ɗin ba lallai ta kai ba.

Wato a tsaye nake gaban hita mai shekara 11, babu anod, tana fitar da tsatsa daga cikinta, kuma duk da haka na yarda aka sai mata sabon tamosta, wato abinda ke saita zafin ruwan. Ɗaukewar da tayi kuwa tamosta ne ya maƙale baya yanke wuta in zafi ya kai, sai makunnin kariya na biyu da ke bayansa ya yanke, wani ɗan maɓalli ne da sai an danna shi da hannu yake dawowa. Yaron yace a canza, kuɗin ba yawa, Yaya tace in dai zatayi aiki a canza mana, ni kuma nayi shiru dan bana so ace auta ya fiye kawo kashe kuɗi. Wannan shirun shine laifina a cikin lamarin, bana ɗora ma kowa. Tamosta bai da wata matsala a matsayinsa na gyara, hitar da aka saka ma shi ce ta riga ta kama hanya.

Akwai wata shawara da maigidan ya kawo a lokacin wadda naji wasu ma suna yinta, wai a rage zafin zuwa ɗumi-ɗumi dan a lallaɓa hitar ta ƙara kwana. A nan kam nayi magana. Ruwan da ke kwance a tanki tsakanin digiri 20 zuwa 45 shine wajen da ƙwayar cutar Lejiyonela ke yaɗuwa, wadda aka gano bayan ta kwantar da mahalarta wani taron tsofaffin sojoji a Filadelfiya ta Amurka a 1976, kuma ta hanyar shaƙar feshin ruwa take shiga huhu, wato shawa kenan, ga tanki cike da laka da tsatsa wanda dama irin makwancin da take so kenan. Shi yasa ake ajiye ruwan tanki a digiri 60. Sai dai shima 60 ɗin ba abin wasa bane, cikin daƙiƙa 5 ko kusa da haka zai iya sale fatar mutum, ta yara ma ta fi saurin ƙonewa, dan haka a famfo ake sirka shi ba a cikin tanki ba.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wata 6 bayan tamosta Yaya ta fara ganin ruwa a tayil ƙarƙashin hitar, ɗigo ɗaya-ɗaya. Yaron ya dawo ya leƙa yace robar faifan ce ta saki, ya canza, gyara na uku kenan. Kwana 2 ɗigon ya dawo, wannan karon ma har ya fi. Sai 'yar Yaya ta tsakiya tace Kawu in na taɓa kan famfo hannuna yana ɗan zirr. Jin haka naje na kashe bireka nace kar wanda ya sake kunnawa, ko da kuwa da ruwan sanyi za'ayi ta wanka. Irin wannan hitar kayan wutarta duk a ƙasa suke, duk ruwan da ya zubo daga sama kansu yake sauka. Gidan kuma bashi da birekan nan mai jin yoyon wuta, wanda ke yankewa da zarar miliamfa 30 ta zille, da akwai shi da tuni ya tona asirin.

Wani dattijon fulamba muka samo, kuma yadda yayi binciken ne yasa nace sai na rubuta wannan. Bai kwance komai ba da farko. Ya goge hitar tas da tsumma, ya yayyaga tishu ya naɗa a bakin fayif ɗin shiga, ya naɗa a na fita, ya naɗa a bawul, ya zagaye faifan elimen da wani, yace a bar ruwa a buɗe a bashi kujera. Mukayi kusan minti 40 muna hira. Da ya tashi duk tishun a bushe suke, amma ga ruwa yana tsattsafowa ta inda rigar waje ta haɗu da murfin ƙasa. Ya tura yatsa ya danna soson, ruwa ya fito kamar an matse katifar da ta sha ruwan sama. Ya juya yace ma Yaya, Hajiya tankin ne ya huje, wannan ta gama.

Maigidan yace Baba ba za'a iya kaita wajen mai walda a toshe ba? Yace Alhaji za'a iya, amma gyaran gangar Auzinawa ne. Wutar walda zata ƙone shafen gilas ɗin da ke kewaye da wajen, ka toshe rami ɗaya ka buɗe ma tsatsa fili, kuma tankin da ya huje a waje ɗaya to akwai wurare da yawa da suka kusa, ba ka ganinsu ne kawai. Maigidan bai gamsu sosai ba, na gani a fuskarsa, amma bai sake magana ba.

Sai Baba ya nuna mana abinda ya fi komai ɗaga min hankali. A fayif ɗin ruwan sanyi daf da shiga hitar akwai ɗan bawul mai ƙaramin baki a gefe. Bakin a toshe yake, wani ya cusa masa ƙusa mai zare ya bi da gam, tun kafin su Yaya su shigo gidan, da alama yana ɗiga ne ya dami mutumin. Ni sau nawa ina kallon wajen ban lura ba. Shi ruwa in ya ɗau zafi ƙaruwa yake, daga sanyi zuwa digiri 60 yana ƙara kusan kashi 2 cikin 100, a tanki mai lita 50 abin ya doshi lita ɗaya, kuma bawul ɗin baya barin ruwa ya koma baya ta fayif, to ina wannan ƙarin zai je? Ta ɗan bakin nan yake fita in matsi ya kai iyakar da aka saita. Da aka toshe shi sai ya zama kullum aka kunna hita tankin ne yake shan matsin, shekara da shekaru, ga ba anod. Sannan ka tuna ranar da tamosta ya maƙale. Da makunnin kariyar nan shima bai yanke ba, ruwa zai wuce digiri 100 a cikin rufaffen tanki ba hanyar fita, in ƙarfen ya tsage ruwan ya koma tururi nan take, shi kuwa tururi yana cin wuri sama da ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga ciki. Hita tana fashewa ta rushe bango, ba tatsuniya bace. Ɗan maɓalli ɗaya ne ya tsaya tsakanin gidan da wannan, mu kuma muna ta mitar an hana mu wanka.

Da na dawo gida na jera abin a kaina sai naga ashe rabuwar a fili take. Duk abinda ake kwancewa da sifana ko sukundireba, elimen, tamosta, bawul, roba, anod, fayif, kayan gyara ne, an ƙera su ne dama dan a canza. Tanki kuwa shine hitar, in ya tafi ta tafi. Dan haka tambayar farko ba wai me ya lalace ba, a'a, wane hali tankin yake ciki. Hita mai shekara 5 ko 6 da elimen ya ƙone a gyara ba tare da dogon tunani ba, a canza anod a lokaci ɗaya tunda dama an buɗe. Ƙarar da takeyi kamar ana tafasa tsakuwa ko tana tsuwwa, gishiri ne, a wanke. Warin ruɓaɓɓen ƙwai a ruwan zafi shima ba alamar mutuwa bace, wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke haɗuwa da sandar maganiziyam suna fitar da iskar, ana wanke tankin a sa sanda ta alminiyam da zinki. Amma in ta haura shekara 10, ga jan ruwa daga ɓangaren zafi kaɗai, to ko tana aiki lafiya lau a fara tara kuɗin sabuwa, kar a sake zuba mata wani abin kirki. Inda take ma abin dubawa ne, wadda ke waje ko a ƙasa kusa da magudana kana iya barinta ta mutu da kanta, wadda ke bene a saman silin ɗin falo kuma ruwa kilo 50 banda nauyin ƙarfe yana rataye a kan ƙusoshin da suka fara tsatsa, wannan ba'a jiranta. Masu hitar gas su ƙara da kallon harshen wuta, shuɗi ake so, in ya koma rawaya ga baƙin hayaƙi a jiki to maganar ta wuce ta ruwan zafi, ta koma ta iskar kabon monoksaid mai kisa ba wari.

Wani abu da ban yarda dashi ba shine cewar da akeyi tsohuwar hitar lantarki tana shan wuta ninki biyu saboda gishiri. Ɗaga lita 50 daga digiri 25 zuwa 60 yunit 2 ne na wuta, da elimen mai wat 1500 awa ɗaya da minti 20 kenan, kuma ko elimen ya sha ɓawo zafin dai cikin ruwan yake ƙarewa, ba inda zashi. Abinda laka keyi shine ta cinye wurin ruwa, sai kaga zafi yana saurin ƙarewa. Asarar wuta ta gaske tana zuwa ne in soso ya jiƙe ya daina riƙe zafi ko ruwan zafi yana zuba. Kar mai sayarwa ya tsorata ka da bil, tsatsa ita ce hujja.

Kuɗin gyara ukun da aka haɗa sun kai wajen rabin kuɗin sabuwa, banda silin ɗin ƙasa da ya zana taswira sai an sake fenti. Maigidan yaso a koma irin mara tankin nan mai dafa ruwa nan take, tunda ance tana kaiwa shekara 20, amma mai wat 7000 tana jan amfa 30, wayarin banɗakin ba zai ɗauka ba sai an ja sabon layi, dan haka aka sake sayen mai tanki. Baba ya kafa ta da sababbin ƙusoshi, ya sa sabon bawul, mai wuta yazo ya ƙara birekan yoyo ya gyara wayar ƙasa, wato wadda ke kai yoyon wuta cikin ƙasa. Kafin a kunna sai da ya buɗe famfon zafi ya bari iska ta gama fita ruwa ya miƙe, yace min ɗana ka riƙe wannan, elimen in ya kama ba ruwa nan da nan yake ƙonewa.

Tsohuwar na roƙa aka bar min, na yanka rigar na ɓare soson dan kawai naga ramin. A layin walda yake ta sama, ko kan ashana bai kai ba, amma da na haska ciki wajen duk ya zama tabo-tabo ja, na dangwala sukundireba a wani tabon da ke gefensa da ɗan ƙarfi sai gashi ya ɓula. Na ɗauki hoto na tura ma maigidan, ya turo min alamar babban yatsa kawai.

Kwana 3 da saka sabuwar Yaya ta kira da sassafe murya na rawa, Auta sabuwar ma yoyo takeyi, an cuce mu. Nace Yaya ta ina? Tace ta wani ɗan baki a jikin fayif, in an kunna sai ya dinga ɗiga, in ta huce ya daina. Nace ki rabu dashi dan Allah kar wanda ya toshe, gani nan zuwa. Na sayi siririn tiyo na jona masa na kai bakinsa magudana, sannan na ɗauki alƙalamin maka na rubuta a gefen hitar watan da aka saka ta da watan da za'a buɗe a duba anod. Yaya tace na ɓata mata farar hita da rubutu, nace a hakan zata zauna.